Daga Karan Dawa Zuwa Fiyano: Tarihin Busar Samari a Ƙasar Birnin Gwari

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san wannan fitowar. Za a nuno ruga da sassafe, shanu suna miƙewa, budurwa ta ɗauko ƙwaryar nono a ka ta nufi gari, sai ka ji wata siririyar muryar sarewa ta ratso fim ɗin. Da jin wannan murya mai kallo ya san an shiga daji, an bar birni da hayaniyarsa. To amma, mai karatu, ka taɓa tambayar kanka wane ne ya busa sarewar nan? A mafi yawan finafinan babu wanda ya busa ta. Yatsun mai fiyano ne a cikin wani ɗan ɗakin situdiyo a Kano ko Kaduna, ya danna maɓallin da kamfanin Yamaha ya ajiye sautin sarewa a ciki.

Wannan abu bai faru a dare ɗaya ba, yana da tarihi. Kuma babu inda ya fi dacewa a tsaya a dubi tarihin kamar ƙasar Birnin Gwari da ke yammacin Jihar Kaduna, domin ta haɗa wurare uku da busa ta rayu a cikinsu a ƙasar Hausa: fada, da gona, da daji.

INDA FADA DA GONA DA DAJI SUKA HAƊU

Garin Birnin Gwari yana kimanin kilomita 120 daga Kaduna, a kan tsohuwar hanyar da ke bi ta Tegina da Mokwa da Jebba har zuwa Ikko. Tsofaffin direbobin manyan motoci sun san garin sarai, domin zango ne da ake yada wa a ci abinci a yi salla. Ƙasa ce mai albarkar noma, masara da dawa da sauran amfanin gona, inda Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani makiyaya suka daɗe suna zaune tare. Masarauta ce mai tsohon tarihi, wadda Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II ya hau gadon sarautarta a 1993. Sannan ga dajin Kamuku, wanda aka keɓe a matsayin gandun daji tun 1936, aka kuma ɗaga darajarsa ya koma gandun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, kuma yana haɗe da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. An san shi da giwaye da gwanki da birai da tsuntsaye iri-iri.

Kowanne daga cikin waɗannan wurare uku yana da abin busarsa, kuma kowanne yana da yadda yaro ke koyonsa.

Mu fara da fada. Kakaki da algaita da farai su ne muryar sarauta a ƙasar Hausa. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda Baturen mulki H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya shigo da su. Ita kuwa algaita, sunanta ma ya nuna hanyar da ta biyo, domin a ƙasashen Magrib irin su Maroko da Aljeriya akwai 'yar'uwarta da ake kira gaita, kuma ta Sahara fatake da malamai suka riƙa kai da kawo tsakaninmu da su. Jikinta itace ne da aka rufe da fata, da ɗan bututun ƙarfe a sama, da wani ɗan faifai da mabushi ke jingina leɓɓansa a kai, sai kuma ɗan harshe na ciyawa mai baki biyu wanda shi ne ke kaɗawa ya ba da sauti. Abin mamakin mai algaita shi ne ba ya yanke busa don ya yi numfashi. Yana tara iska a kumatu, kumatun suna tura ta cikin algaita, shi kuma yana shaƙar wata sabuwa ta hanci. Shi ya sa za ka ga kumatunsa sun kumbura tim, busa kuma tana tafiya babu tsayawa.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙara kawai ake yi. Algaita da kakaki magana suke yi. Hausa harshe ne mai karin sauti: kuka na hawaye da kuka ta miya haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne ya bambanta su. Wannan hawa da sauka shi mabushi ke bi, har wanda kunnensa ya saba ya gane take ko kirarin wane basarake ake busawa. Saboda haka koyon algaita koyon tarihi ne, sai yaro ya haddace taken sarakuna da hakimai da kirarin kowane gida. Galibi sana'a ce ta gado. Yaro yana tashi yana riƙe wa mahaifinsa jaka, yana bin sa hawan salla da naɗin sarauta, kafin a yarda ya sa ta a baki a gaban jama'a.

BUSAR DA BA TA ROƘO

Busar gona da ta daji daban suke, kuma su ne ainihin busar samari. Babu Sarkin Busa a kansu, babu mai biyan su, ba a kuma kiran mai yin su maroƙi.

Idan kaka ta yi, an girbe dawa an zubar da kara a gona, yara da samari sukan zaɓi kara mai kyau su rarake cikinsa, su tsaga ɗan siririn harshe a jikin ɓawonsa kusa da ƙarshe, su huda rami. A kwance ake riƙe shi, a sa baki a kan harshen a busa. Shi ne tilɓoro. Idan aka liƙa masa 'yan ƙananan duma a bakinsa don sautin ya ƙara kauri, sai ya zama damalgo. Wasu masana biyu, David Ames da Anthony King, waɗanda suka yi bincike a ƙasashen Zazzau da Katsina a shekarun 1960, sun tattara sunayen waɗannan kayan busa da bayaninsu a cikin ƙamus ɗin kiɗan Hausa da suka fitar a 1971. Ƙasar Birnin Gwari kuwa maƙwabciyar waɗannan ƙasashe biyu ce, noma ɗaya, kaka ɗaya. Abin lura shi ne, yadda tilɓoro ke fitar da sauti, wato harshe ɗaya yana kaɗawa a bakin rami, haka kilarinet ɗin Turawa ke yi, kamar yadda obo ɗinsu da algaita suke dangi ɗaya. Bambancin kawai, nasu ana sayen sa da tsabar kuɗi masu yawa, namu kuwa yaro ne ke ƙera abinsa da wuƙa cikin ɗan lokaci, idan ya fashe ya jefar ya sake wani.

Sai sarewa, abokiyar hirar makiyayi. Ana yin ta da kara ko gora, daga baya har da bututun roba ko na ƙarfe, galibi da ramuka huɗu. Ba ta da harshe, a bakin ramin sama ake hura iska a karkace, shi ya sa wanda bai iya ba zai yi ta hurawa har kansa ya yi jiri bai ji ko ƙis ba. Yaron da ke bin shanu tun hantsi har la'asar yana da abin da ɗan birni ba shi da shi, wato lokaci da shiru. Yana jin yayansa na busawa a gindin wata bishiya, shi ma ya kwaikwaya, yau da gobe har ya fi shi. Maharba da manoma kuma suna da ƙaho, wanda akan yi da ƙahon gwanki, dabbar nan da muka ce dajin Kamuku ya yi suna da ita. Da shi ake kiran taron farauta, da shi ake zuga majiya ƙarfi a wajen gayya.

A taƙaice, makarantar busa ta samari ba ta da aji ba ta da allo. Gona bayan girbi, da makiyaya, da dandali a farin wata, su ne makarantar. Duk abin da ya taɓa waɗannan wurare, to ya taɓa ta.

BAƘON DA YA ZO NEMAN SAREWA

Wani abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, a daidai lokacin da 'yan boko ke raina sarewa suna ganin ta abin ƙauye, wani gawurtaccen mabushi ya taso tun daga Amurka ya zo ƙasar Zazzau yana neman ta. Sunansa Yusef Lateef, baƙar fata ne Musulmi, an haife shi a 1920, kuma ya yi suna a duniyar kiɗan jaz wajen busa saksofon da obo da sarewar Turawa. Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a cibiyar nazarin al'adun Nijeriya, yana koyarwa yana bincike, kuma sarewar Fulani tana cikin manyan abubuwan da ya duƙufa a kai. Shi da Ziky Kofoworola sun wallafa littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa a 1987. Ya kuma fitar da faifai da ya sa wa suna "In Nigeria". Bayan komawarsa gida ya sami kyautar Grammy, ya ci gaba da koyarwa da tsara kiɗa har rasuwarsa a 2013.

Mutumin da ya san kayan busa na duniya ciki da waje ya ga abin da ya isa ya ba shi shekaru huɗu na rayuwarsa a cikin karan da yaron ruga ke ratayawa a wuya. Hausawa dai sun ce abin banza a banza yake tafiya. Mu da muke da shi a bayan gida ba mu rubuta shi ba, ba mu kuma kai shi makaranta ba.

SHIGOWAR FIYANO

Masu kallon fim a Arewa ba baƙin sarewa ba ne. Finafinan Indiya da aka daɗe ana nunawa a gidajen sinima na Kano da Kaduna da Zariya cike suke da ita. Wa zai manta da fim ɗin "Hero" na 1983, inda Jackie Shroff ke yawo da sarewa? Ba jarumin ne ke busawa ba, gaskiya ne, amma kuma ba na'ura ba ce. Hariprasad Chaurasia ne, ɗaya daga cikin manyan mabusan Indiya, ya tsaya a situdiyo ya hura da numfashinsa. Wato masana'antar fim ta Indiya ta ɗauki mabushinta na gargajiya ta ba shi aiki, ta biya shi, ta ɗaukaka sunansa.

Tamu masana'antar ta bi wata hanyar daban. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da "Turmin Danya" a Kano a 1990, aka kuma shiga mayar da littattafai irin su "In Da So Da Ƙauna" na Ado Ahmad Gidan Dabino zuwa fim, jarin masu shirya finafinai bai taka kara ya karya ba. Ɗauko makaɗa biyar ko shida, a ciyar da su, a yi ta maimaitawa har kiɗa ya zauna, a kuma ɗauki sautin kowa da kyau, abu ne da ya fi ƙarfin aljihu da kayan aikin lokacin. Sai ƙaramin fiyano na Casio ya samu shiga. A tsakiyar shekarun 1990 situdiyon Iyan-Tama ya kawo fiyanon Yamaha, wanda ke ɗauke da ɗaruruwan muryoyi, daga ciki har da masu kama da sarewa da goge da ganga. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan yadda wannan na'ura ta sauya kiɗan Hausa. Da fim ɗin "Sangaya" na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999, da Ali Nuhu da Fati Mohammed, waƙarsa ta cika gari, sai kowane furodusa ya ce shi ma irin wannan kiɗa yake so. A shekarar ce kuma Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa. Kiɗan nanaye ya kafu, mutum ɗaya da fiyano ɗaya ya wadatar.

Ba za a ce fiyano bai yi rana ba. Ya buɗe wa dubban matasa hanyar cin abinci, kuma ya ba wanda ba ɗan gidan makaɗa ba damar yin kiɗa ba tare da an ce masa maroƙi ba. A ƙasar da malamai suka yi saɓani a kan hukuncin bushe-bushe, iyaye kuma ba su cika son 'ya'yansu su bi sahun mabusa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai akwai abin da ya salwanta. An tsara maɓallan fiyano ne a kan ma'aunin sautin Turawa, kowane maɓalli da muryarsa tsayayya. Sarewa kuwa tana zamewa tsakanin murya da murya, tana rawa, kana jin hucin mai busawa a cikinta, shi ya sa take iya bin lanƙwasar magana. Fiyano yana kwaikwayon muryar, amma bai iya magana da ita ba. Sannu a hankali kunnen masu sauraro ya saba da kwaikwayon, har yaron ƙauye ya fara ganin ta cikin kaset ta fi wadda ke hannunsa. Da wayar salula ta zo da katin ajiye waƙoƙi, makiyayi ma ya sami wata abokiyar hira a aljihu.

RANAR DA DAJI YA RUFE

Duk da haka, da a ce fiyano ne kaɗai, da sarewa ta ci gaba da lallaɓawa a ruga. Abin da ya fi yi mata illa shi ne bindiga.

Fashi a kan hanyar Birnin Gwari tsohon labari ne, amma daga wajen 2011 abin ya sauya kama, ya koma satar shanu garke-garke, daga nan ya koma ƙone ƙauyuka da satar mutane don kuɗin fansa. A watan Oktoba na 2012 an kashe kimanin mutum 20 a Dogon Dawa, da yawansu a lokacin sallar asuba. A 2015 gwamnonin jihohin da suka kewaye dajin Kamuku suka haɗa kuɗi aka tura jami'an tsaro cikinsa, aka ƙwato dabbobi masu yawa, amma wutar ba ta mutu ba. A watan Mayu na 2018 an kashe fiye da mutum 40 a Gwaska. A 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta rufe kasuwannin mako-mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, aka kuma katse layukan waya a sassan jihar na wani lokaci. Manoma da yawa sun bar gonakinsu na nesa, wasu sai sun biya 'yan bindiga kafin su yi girbi. Makiyayan da aka kwashe wa shanu, waɗanda suna cikin mutanen farko da bala'in ya faɗa wa, wasu sun yi ƙaura, wasu sun koma bakin gari hannu rabbana, wasu 'ya'yansu kuma dajin ya haɗiye su.

Idan ana lissafin asarar waɗannan shekaru, rayuka da dukiya ake fara ƙirgawa, kuma haka ya kamata. Amma mai karatu ya tuna da makarantar nan da muka ce ba ta da aji. Yaron da ba a bari ya je gona ba, ina zai sami karan da zai fafe? Wa zai zauna a gindin bishiya yana busa, alhali ƙarar da ya yi tana iya nuna wa mugu inda yake? Dandalin dare ya mutu, taron farauta ya koma aikin sa-kai na tsaron gari. Ilimin da ba a rubuce yake ba, daga baki zuwa kunne yake tafiya, kuma shekara goma sha ta isa ta yanke shi. Yaron da aka haifa a 2012 ya kai shekarun da ake ƙwarewa a sarewa ba tare da ya sami sararin da yayyensa suka samu ba. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi zaman sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta daɗe a rufe. Kasuwa ana buɗe ta a rana ɗaya. Abin da ke cikin ƙirjin tsoho kuwa, in ya tafi da shi, ya tafi ke nan.

YADDA WASU SUKA YI

Ba mu kaɗai ne zamani ya rutsa da mu ba, sai dai wasu sun yi dabara. A Japan akwai gasar ƙungiyoyin busa ta ƙasa baki ɗaya, wadda ta samo asali tun 1940, inda dubban makarantu ke shiga. Abin sha'awa a tsarinsu shi ne, kowace shekara sai an fitar da sababbin kiɗe-kiɗe da aka tsara musamman don gasar, kowace ƙungiya ta zaɓi ɗaya ta koya. Haka a Turai da Amurka, akwai masu tsara kiɗa da aikinsu shi ne rubuta wa ƙungiyoyin yara abin da ya dace da ƙarfin numfashinsu da tsawon yatsunsu, a raba muryoyi tsakanin sarewa da kilarinet da obo, kowa da nasa layin. Hikimar ita ce, yaro ba ya riƙe abin busa don an ce masa kayan kakanni ne, yana riƙe shi ne idan akwai sabon abin da zai busa tare da sa'o'insa, jama'a su saurara su yaba.

Ba sai mun je nesa ba ma. A Yamai ta Jamhuriyar Nijar an buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai ɗauke da sunan marigayi Alhaji Taya a 1989, aka tattara kayan kiɗan gargajiya, aka haɗa tsofaffin makaɗa da matasa. A wannan da'ira ce Yakuba Mumuni, wanda aka fi sani da Denke-Denke, ya kafa ƙungiyar Mamar Kassey a 1995, ya haɗa sarewarsa da jita da molo da kalangu, ya zaga ƙasashen duniya da ita. Shi ma Chaurasia na Indiya, da girma ya zo, makaranta ya buɗe a Mumbai.

To mu fa? Wanda ya fi kowa ikon yin wani abu a nan shi ne ɗan fim, domin shi ne kunnen matasa ke hannunsa. Yau kayan ɗaukar sauti sun yi arha, uzurin 1990 ya ƙare. Furodusan da zai kashe kuɗi a kan sutura da motocin haya ba zai gaza biyan mai sarewa na gaske kuɗin yini ɗaya ba, ya kuma rubuta sunansa a jerin ma'aikatan fim. Masu kiɗan situdiyo za su iya zama da mabusa su tsara sabon kiɗa na sarewa uku ko huɗu da damalgo da algaita, wanda 'yan makarantar sakandare za su iya koya. Marubutanmu da ke son kai labari ruga su je su tambayi yadda ake fafe sarewa, su rubuta shi daidai. Masarauta da ƙaramar hukuma da jami'o'in da ke kusa su nemo tsofaffin mabusan da rikici ya watsa zuwa Kaduna da Funtuwa da Zariya, a ɗauki busarsu da bayaninsu tun suna da sauran numfashi.

Ƙasar Birnin Gwari ta gaji da a riƙa jin sunanta a labaran mutuwa. Allah ya zaunar da ita lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya kuma nuna mana kakar da yara za su koma gona su zaɓi kara ba tare da waiwaye ba.